Kun Tambaya, Mun Amsa: Daga Tafkin Madarunfa Zuwa Duwatsun Abzin

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo kusan duk hanya ɗaya suka bi: ina mutumin Maraɗi zai je ya ga ruwa, ya ga dutse, ya sha iska da iyalinsa, kuma ya dawo gida lafiya? Ga waɗanda muka zaɓa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƴaƴana huɗu, babban shekararsa 13, autar kuma 4. Sun hana ni sakat sai na kai su Tafkin Madarunfa, ni kuwa tun da aure ya kawo ni Maraɗi ban taɓa leƙawa ba. Wane lokaci ya fi dacewa, kuma me zan riƙe? *Wata uwa, unguwar Zariya*

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kai su, ba nisa. Daga Maraɗi zuwa Madarunfa kimanin kilomita 25 ne ta kudu, kan kwalta, ba ya cin awa guda ko da motar haya. Abin da ya fi nisan muhimmanci shi ne watan da kika zaɓa, domin tafkin watan Disamba daban yake da na watan Afrilu.

Idan ya cika bayan damina yakan kai kimanin hekta 800, da rani kuma ya ja baya har kusan rabin haka. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwa na nan da yawa, ƙasar bakinsa ta bushe ta yi ƙwari, rana ba ta da zafi, tsuntsaye kuma sun cika wurin: balbela, zalɓe, kirinjijiya, da agwagin ruwa masu gudo sanyin Turai su yi hunturu a nan. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, ruwan ya janye ya bar fili mai faɗi na laka tsakaninki da shi. Saman lakar bushe yake, ƙasanta danye, yaro yana takawa sai ya nutse har gwiwa. Da damina wurin ya fi kyan gani, amma sauro ya yi yawa, gaɓar ruwa tana zaftarewa, hadari kuma yana tasowa daga gabas ba sallama. Ko a cikin hunturun ma, ranar da kika tashi kika ga hazo ya rufe gari, ki ɗaga tafiyar. Ba abin da za su gani, kuma yaro mai asma zai wahala.

Shekaru ba sa zama ɗaya. Ruwan tafkin daga gulaben da ke gangarowa daga Najeriya yake zuwa, na Gabi da na Maraɗi, kuma tun da aka gina madatsar Jibiya a kan Gulbin Maraɗi ba kullum yake isowa yadda ya saba ba, ga yashi da laka suna cike gindin tafkin a hankali. Don haka kafin ranar, ki sa a tambayi direbobin Madarunfa a tasha inda ruwa ya tsaya bana.

Ku bar gida ƙarfe 7 na safe, ku juyo da la'asar, magariba ta same ku a Maraɗi. Kada ki tafi ke kaɗai da yara huɗu. A bakin ruwa babba ɗaya yara biyu yake iya tsarewa, kuma autar a hannu take zama, ba a ido ba. Ki nemi ƙanwarki ko wata babba ta raka ki, ku raba yaran tun a mota, kowace ta san nata.

Ruwan sha ki lissafa lita 2 ga kowane yaro, lita 3 ga babba, sannan ki ƙara bido ɗaya mai lita 5 na wanke hannu da alwala. Kowa ya sa takalmi rufaffe, ba silifa ba, saboda ƙayar gawo da tsofaffin ƙugiyoyin masunta da ke ɓoye cikin ciyawa. Tabarma, hula, rigar sanyi ta safiya. Abinci ki riƙe wanda rana ba ta saurin ɓatawa: biredi, ƙuli-ƙuli, dabino, dafaffen ƙwai da ɓawonsa, lemo. Fura da nono a sha su da hantsi, kada su yini cikin mota. Idan zawo ya kama yaro, cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ki zuba sukari ƙaramin cokali 6 shafaffe da gishiri rabin ƙaramin cokali, ya dinga kurɓa har ku iso likita. Gishirin ne mutane ke wuce wa iyaka, kuma yawansa yana cutar da yaro, don haka ki ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri.

Da kun isa, ki yi sallama ga mutanen da kika tarar, ki tambaye su inda ya dace baƙo ya shimfiɗa tabarma. Za su nuna miki inuwa, su kuma nisanta ki da mashayar shanu da inda ake shanya koma. Ki zauna aƙalla taki 30 daga ruwa. Leda da kwalba duk ku tattara ku dawo da su. Akuyar da ta haɗiye leda ta wani ce.

Tambaya: Mu samari ne mu takwas, muna son mu shiga kwale-kwale mu zaga tafkin, mu kuma yi wanka. Uku daga cikinmu sun iya iyo. Akwai matsala? *Wani matashi, Bagalam*

Amsa: Ƙanenmu, akwai, guda biyu, kuma ta biyun ta fi ta farkon ɓoyewa.

Ta farko jirgin. Kwale-kwalen masunta an sassaƙa shi ne ko an haɗa shi don mutum biyu ko uku da kayan su, ba don samari takwas ba. Ku rabu gida biyu ko uku. Kafin ku biya kuɗi, ku daidaita da mai jirgi a kan farashi, da inda za a kai, da lokacin dawowa. Ku duba cikin jirgin: ɗan ruwa a gindi ba komai ba ne, kowane jirgin katako yana tsatsa, amma idan an kwashe ya sake taruwa kuna tsaye, ku nemi wani. Dole a sami abin kwasar ruwa a ciki. Bayan kowa ya zauna, ku dubi tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgi. Idan ba ta kai taƙi guda ba, lodi ya yi yawa, wani ya sauka.

Ana shiga ɗaya bayan ɗaya, a duƙe, a taka tsakiya, a zauna ƙasa. Abin da ya fi kifar da jirgi ba iska ba ce, mutum ne ya miƙe tsaye don ɗaukar hoto, jirgin ya karkata, sauran su firgita su ruga ɗaya gefen gaba ɗaya. In kun ji ya karkata, kowa ya zauna inda yake ya riƙe gefe. Ku shiga da safe, domin da hunturu iska takan ƙaru idan rana ta ɗaga. In akwai rigar kariya ku sa, in babu, biyar ɗin nan da ba su iya iyo ba kada a wuce da su inda gora ke taɓa ƙasa. In har jirgi ya kife, kada kowa ya nufi gaɓa. Jirgin katako ba ya saurin nutsewa, ku riƙe shi ku yi kira. Wanda kuma ke shan ruwa ba a rungumarsa, zai danne mai cetonsa su tafi tare. Gora ake miƙa masa, ko igiya, ko a jefa masa bido rufaffe wanda ba komai a ciki.

Ta biyu ita ce tsargiya, wato fitsarin jini. Kwantaccen ruwa mai ciyawa a wannan yanki gidan ƙananan katantanwa ne, kuma a jikinsu tsutsar cutar ke girma. Tana fitowa cikin ruwa, ido ba ya ganinta, ta huda lafiyayyar fata cikin ƴan mintuna. Ba sai ka sha ruwan ba, ba sai kana da rauni ba. Wani yakan ji ƙaiƙayi a ranar, wani ba ya jin komai, sai bayan wata biyu ko uku ya ga jini a ƙarshen fitsari. In aka bar ta shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda. Maganinta praziquantel, likita ke auna shi da nauyin jiki, miligiram 40 ga kowane kilo. Ba rigakafi ba ne, kuma shan sa washegarin wanka ba ya aiki, domin ƙaramar tsutsa ba ta jin sa sai ta girma. Shawararmu a fili take: ku shiga jirgi, ku bar wankan. Wanda ya riga ya shiga ruwa ya goge jikinsa da tawul nan take, kuma bayan kamar wata uku ya kai fitsari a auna ko bai ga jini ba.

Tambaya: Duk kifin da aka kawo mini daga tafki kafin ya iso gida ya fara wari. Laifin wa? *Mai abincin sayarwa, Sabon Gari*

Amsa: Uwar ɗaki, laifin baƙar leda ne da bayan mota. A saye shi da sassafe lokacin da masunta ke fitowa. Sabon kifi idonsa garau yake, ƙasan marfin kunnensa ja, in an danna tsokar da yatsa sai ta dawo. A fede shi nan take a cire hanji da wannan jan abin numfashin, domin daga nan ruɓa ke farawa, a ɗauraye da ruwan da aka zo da shi, ba na tafki ba. Ƙanƙara kilo ɗaya ga kifi kilo ɗaya: shimfiɗa a ƙasan kula, kifi a kai, ƙanƙara a sama, a dinga tsiyaye ruwan da ya narke. Tarwaɗa kuwa in da rai aka same ta, bokiti da ɗan ruwa da jiƙaƙƙen buhu a kai sun isa ta iso Maraɗi tana motsi. In banda ce, a karya ɗaya a duba ciki. Garin da ke zubowa alamar ƙwari ce, warin maganin ƙwari kuma dalili ne na barin ta gaba ɗaya.

Roƙonmu ɗaya: karfasar da ba ta kai tafin hannu ba kada ki saya, kome arha. Da raga mai ƙananan ido ake kama ta, wani lokaci har da gidan sauro, kuma kifin baɗi ne ake cinyewa bana.

Tambaya: Ina jin labarin kaburburan waliyyai 99 a Madarunfa. Baƙi za su zo mini daga Yamai, ina so in kai su. Me kuma za mu iya gani a garuruwan kewaye a yini guda? *Wani Alhaji, Limanci*

Amsa: Ranka ya daɗe, kaburburan suna warwatse ne a kewayen tafkin da ƙauyukansa, ba a waje ɗaya suke ba, kuma da yawansu baƙo zai wuce bai gane ba sai an nuna masa. A 2006 Nijar ta sa su, tare da tafkin da gandun dajin Madarunfa, cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. A 2019 kuma tafkin ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare wuraren ruwa. Hanyar da ta dace ita ce ka fara da gaisuwa wajen masu gari, ka faɗi abin da ya kawo ka, su haɗa ka da wanda zai yi muku jagora. A yi shiga ta mutunci, a yi sallama irin ta maƙabarta, kada a taka kabari ko a zauna a kai, kada a ɗauki hoton mai ziyara sai da izninsa. Baƙinka in sun ga abin da ya saɓa wa fahimtarsu, ba wurin jayayya ba ne. A bar wa malamai. Jagoran a sallame shi da abin da ya dace, yininsa ya bayar.

Gandun dajin yana da masu tsaronsa, ma'aikatan ruwa da daji. Ba a sara, ba a farauta, ba a hura wuta a ciki. Bayan kaka ciyawa ta bushe, guntun sigari ɗaya ya isa. Tsofaffin kukoki da tsamiya da kanya da ke wannan yanki su kansu abin kallo ne ga wanda ya saba da garin da aka sare itatuwansa.

Ƙauyukan bakin ruwa irin su Ɗan Tudu, Gamji da Saulawa na masunta ne da manoman rani. Yayin da ruwa ke ja baya, suna bin sawunsa da shuka a danshin da ya bari, don haka a lura da inda ake ajiye mota, abin da kake gani fili wataƙila gonar wani ce. A hanyar dawowa ku tsaya Jiratawa. Filin noman ranin nan, mai kimanin hekta 500, da rijiyoyin burtsatse da famfuna ake ba shi ruwa, kuma zogalar da ake ci a Maraɗi da yawanta daga wannan fadama take fitowa. Da yamma lokacin ban ruwa ya fi daɗin gani.

Tibiri kuwa a ɗaya gefen take, arewa maso yamma da Maraɗi, tafiyar ƴan mintuna. Fadar Sarkin Gobir ce, an kafa ta wajen 1836 bayan Gobirawa sun rasa Alkalawa. Ka ba ta rana tata, ka haɗa ta da fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da gangaren tsohon gari da ambaliyar 1945 ta tashi mutane daga cikinsa suka hau tudu. A aika a nemi izni kafin a je fada.

Sai magana mai nauyi. Kudu da yammacin Madarunfa, wajen Gabi da dajin Baban Rafi har bakin iyaka, an sha fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane a shekarun nan. Kada ka kai baƙi can don an ce maka da akwai kyan daji. Ka tambayi jandarmomi da hukumar gari a ranar tafiyar, ba labarin makon jiya ba, kuma duk inda kuka je, dare kada ya same ku a hanya.

Tambaya: Ina koyar da labarin ƙasa. Ɗalibaina suna karanta tsauni da kwari a littafi amma ba su taɓa ganin dutsen da ya fi gidan sama tsawo ba. Ina za a sami dutse da ruwa wuri ɗaya a ƙasarmu? *Malamin makaranta, Ali Ɗan Sofo*

Amsa: Malam, Allah ya saka da wannan niyya. Akwai na kusa, akwai na nesa, kuma na kusan muke ba ka shawara.

Na kusa ƙasar Adar ce. Ka bi hanyar yamma ta Gidan Runji, kafin ka kai Madawa ƙasa ta fara canjawa: tuddai masu shafaffen kai, jajayen duwatsu, da kwaruruka masu faɗi a tsakaninsu, inda albasar Galmi ke fitowa. A nan za ka nuna wa yara da hannu yadda ruwan sama ke yanka tudu ya fitar da kori, wato hanyar da ruwa ke bi da damina, ya kwashe ƙasa ya zube a fadama. Farin dutsen da masana'antar siminti ta Malbaza ke haƙa a ƙarƙashin wani tsohon teku ya taru, shekaru miliyoyi da suka wuce, har yanzu ana tsintar ɓawon halittun ruwa da suka zama dutse a cikinsa. Yaron da ya riƙe irin wannan a tafin hannunsa, a tsakiyar ƙasar da ba ta da teku, ba zai manta darasin ba. A Kaita kuma, arewa da Buza, akwai aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984 da taimakon Italiya: jerin duwatsu a gangaren tuddai don rage gudun ruwa, ramukan shuka itace, ƙananan madatsai. Mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun nan a ka. Hanyar Madawa zuwa Buza da Kaita a tambayi halinta kafin a kama ta.

In ana son babban ruwa, tafkin Tabalak yana kan hanyar Tawa zuwa Agadas, kimanin kilomita 50 bayan Tawa, kusan 400 ke nan daga Maraɗi ta Tsarnawa. Dogon tafki ne a bakin titi, tuddan yashi a bayansa, lambuna da masu suyar kifi a gefensa, shi ma yana cikin jerin Ramsar tun 2005. Wannan tafiyar kwana biyu ce aƙalla, a kwana Tawa. Ka'idar wanka ɗaya ce da ta Madarunfa.

Na nesa shi ne Abzin. Can ne tsaunuka na gaske suke. Ƙololuwar Bagzan, mita 2,022, ita ce wuri mafi tsawo a Nijar, kuma a saman tsaunin akwai ƙauyuka da lambunan dankalin turawa da tafarnuwa, waɗanda ake hawa musu da ƙafa, jakuna na ɗauke da kaya. Tabelot, garin albasa, tana gindinsa. Timiya kuma, sama da kilomita 200 arewa da Agadas, ƙorama ce mai lambunan lemo da rumman da dabino a tsakiyar baƙaƙen duwatsu, ga tsohuwar ganuwar sojan Faransa a kan tudu tana kallon gari. Ƴan kilomita kaɗan daga garin ruwa ke zubowa daga dutse ya taru a wani gurbi mai zurfi. Bayan damina ya fi ƙarfi, da rani ya ragu ƙwarai. Babban tafki irin na Madarunfa babu shi a tsaunukan nan, irin waɗannan gurabun ne, kuma su ne rayuwar mutane da dabbobinsu. Ba a sa sabulu a ciki, ba a tsalle a faɗa, domin ruwan sanyi ƙarara ne kuma ba ka ganin dutsen da ke ƙasa. Wani ɓangare na tsaunukan da hamadar Tenere yana cikin kayan tarihin duniya tun 1991, tsohon garin Agadas da hasumiyar masallacinsa mai mita 27 kuma tun 2013.

Amma daga Maraɗi zuwa Agadas kaɗai kimanin kilomita 700 ne ta Damagaram da Tanut, ta Tawa kuwa ya ɗan fi haka, kuma daga Agadas kwalta ta ƙare maka. Zuwa da dawowa da ɗan zama ba ya kasa kwana 8. Sai da jagora ɗan ƙasa, sai da sanin hukuma, wani lokaci sai da rakiyar jami'an tsaro. Duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kimanin digiri 6, don haka a Disamba da Janairu daren saman Bagzan yakan kusa daskarar da ruwa. Ba tafiyar ƴan makaranta ba ce. Ka kai su Adar bana, da takardar yardar iyaye da ta hukumar makaranta, babba ɗaya ga yara 10.

Tambaya: Ni direba ne, shekarata da yawa a kan kwalta, amma an ɗauke ni in kai mutane Timiya. Me zan shirya wa motar? *Direba, tashar Maraɗi*

Amsa: Maigida, da farko in motar ba mai jan ƙafa huɗu ba ce, ka tsaya Agadas ka miƙa su ga masu irinta. In ita ce, kada ta tafi ita kaɗai, mota biyu ake yi, kuma ɗan ƙasa ya zauna gaba.

Taya biyu na safaya, jak da katako mai kauri da za a ɗora shi a kai don kada ya nutse, shebur, igiyar ja, faranti biyu na ƙarfe na fita daga yashi, famfon iska da ma'auninsa. Fanbel, tiyon lagireto, matatar mai, matatar iska, man birki, man inji. Lissafin mai: abin da take sha a kwalta ka ƙara rabinsa. Mai shan lita 12 a kilomita 100 ka ɗauka 18 za ta sha, kilomita 500 na zuwa da dawowa lita 90 ke nan, ka ɗora 20 a kai. Man da aka saya a kwalba a tace shi da ƙyalle mai tsabta kafin a zuba. Ruwa lita 5 ga kowane mutum a yini, ƙarin na kwana biyu, da lita 20 na mota, a raba cikin bido da yawa don in ɗaya ya fashe kada a rasa duka.

Hanyar tana sauyawa tsakanin yashin kori da tsakuwa mai kaifi, kuma abin da ke gyara ɗaya shi ke ɓata ɗaya. A yashi ka rage iskar taya zuwa bar 1.5, in ya yi laushi sosai 1.2, tayar ta baje ta hau kansa. A haka kada ka wuce gudun kilomita 40 a awa, kada ka karya kan mota da ƙarfi, taya na iya fita daga rim. Da ka fito kan dutse ka tsaya ka mayar da iskar, in ba haka ba gefen tayar da ya kumburo shi dutse zai yanka, kuma yankan gefe ba ya faci. In ta kafe, ɗaga ƙafarka daga totur nan da nan, ƙara wuta rami kawai yake haƙa mata. A sauke mutane, a kwashe yashin gaban tayoyi huɗu, a sa faranti, a fita a hankali da giya ta biyu a ƙaramin giya.

A gangara, giyar da ka hau da ita da ita za ka sauka. Wanda ya ɗora ƙafa kan birki tun daga sama, man birkin yana tafasa, feda ta tafi ƙasa ba ta kama komai. In allurar zafi ta hau, ka kashe na'urar sanyi, ka tsaya ka fuskantar da motar ga iska, kada ka buɗe murfin lagireto sai bayan rabin awa, da tsumma a hannu. Matatar iska a kakkaɓe ta kowace yamma.

Kori shi ne babban haɗari daga Yuli zuwa Satumba. Ruwa kan sauka a kan tsauni mai nisa, kai kana cikin rana, sai ka ji ƙugi, ruwa ya iso da itace da duwatsu. Gudun ruwa da ya kai gwiwa yana ɗaukar mota. Ka jira, yawanci cikin ƴan awoyi yake wucewa. Kada a kwana a cikin kori kome laushin yashinsa, a hau tudu. Da safe kowa ya zazzage takalminsa saboda kunama. Layin waya yana ɓacewa a wurare da yawa, don haka kafin ku bar Agadas ka bar wa wani sunan hanyar da ranar da ya kamata ya ji ku. In mota ta mutu, a zauna wajenta a inuwa. Mai nema mota yake hangowa, ba mutum mai tafiya a ƙasa ba.

Tambaya: Da gaske ne akwai raƙuman dawa a jihar Maraɗi? *Ɗaliba, Burja*

Amsa: Da gaske ne, ƴarmu. A gandun Gadabeji suke, arewa da Dakoro, mai faɗin hekta 76,000, wanda aka keɓe tun 1955. Sun daɗe da ƙarewa a can, sai a 2018 aka ɗauko guda 8 daga Kure kusa da Yamai aka sake su, aka ƙaro wasu a 2022. Bayan Dakoro hanyar yashi ce, sai mota mai ƙarfi. Ba a shiga sai da iznin ma'aikatan gandun, su ne kuma suka san inda garken yake kiwo a ranar, don haka a tuntuɓi ofishinsu tun daga Maraɗi ko Dakoro kafin a ɗaura niyya.